Macijin da Na Ɓoye a Cikin Sif

A watan Maris na shekarata ta biyu a Guangzhou bangon ɗakina ya fara gumi. Ba yoyo ba ne, gumi ne irin na mai zazzaɓi. In ka shafa bango hannunka ya jiƙe, madubi ya rufe da hazo, tayil ɗin ƙasa ya yi santsi kamar an yi ɓarin kunu. Mutanen garin cewa suke iskar kudu ce ta dawo, kuma ba ta da magani sai a rufe tagogi a jira. Ni da nake karatun digiri na uku a kan fumfunar da ke cin hatsi a rumbu, sai ga ni ina kwana ina tashi a cikin darasina. Takalmina na zuwa biki ya tsiro da koren gashi cikin kwana huɗu. Na san sunan gashin da Latin, abin da bai amfani takalmin da komai ba.

A cikin wannan danshi aka kawo mini ɗan maciji.

Mai shi abokiyar aikina ce a ɗakin gwaje-gwaje, 'yar ƙasar, siririya, ba ta da yawan magana, teburinmu ɗaya. Ita ta karanta mini takardar hayar ɗakina layi-layi, ita ta koya mini yadda ake rigima da mai gida cikin ladabi. An tura ta wani lardi can arewa ta ɗebo samfurin hatsi na tsawon mako biyar, waɗanda suke zaune gida ɗaya da ita kuma suka ce ba da su ba. Da ta tambaye ni, ban ga bakin cewa a'a ba. Akwai kuma girman kai a ciki. Shekara shida na yi ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a Kano, na zana maciji a allo ya fi a ƙirga, da kibiyoyi masu nuna hanta da huhu, amma ban taɓa sa hannu a jikin ko ɗaya ba.

Tsawonsa ya ɗara biro da kaɗan, kaurinsa bai kai ƙaramin yatsana ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne da ɗigo-ɗigo masu duhu. Hancinsa a ɗage yake kamar bakin 'yar shebur, da shi yake haƙa ya binne kansa, shi ya sa Turawa ke kiran irinsa mai hancin alade. Wannan sunan kaɗai ya isa a kore shi daga kowane gida a unguwarmu, tun ba a zo batun cewa maciji ba ne. Ta ce asalin irinsa daga busassun filayen Amurka yake, dafinsa kuma na kwaɗi ne, ba na mutane ba. Ko ya ciji mutum, abin da da wuya ya yi, iyakarta kumburi.

Gidansa akwatin roba ne kamar na takalmi, an huda gefensa ƙanana-ƙanana don iska, murfinsa yana da makama biyu, don jariransu gwanayen tsere ne. An shimfiɗa masa dusar katako mai zurfin yatsa uku, irin manyan fige-figen da ke zubowa in kafinta yana gyaran itace. A ƙarƙashin gefe ɗaya na akwatin akwai 'yar tabarmar lantarki mai ba da ɗumi, ɗaya gefen kuma a bar shi da sanyinsa, shi ya zaɓi inda ya ga dama. Maɓuya biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi. Ruwa a wani ɗan murfi da bai isa ya nutse a ciki ba. Duk ta rubuta mini a takarda, da lambobi, kamar tsarin darasi.

A lamba ta bakwai ta ja layi biyu. Ban da hayaƙi, ban da turare, ban da kafur, ban da maganin sauro. Ko dusar katakon ba kowacce ba ce, ta wani farin itace ce marar ƙamshi, don man da ke cikin itace mai ƙamshi yana ƙona musu huhu. Huhu ɗaya ne ke yi wa maciji aiki. Wannan na sani, na sha ba 'yan aji biyar maki a kansa.

Abincinsa jariran ɓeraye ne daskararru, jajaye, ba gashi, idonsu ko buɗewa bai yi ba, kowanne kamar gyaɗa mai ɓawo. Duk kwana biyar a fito da ɗaya, a narkar da shi a ruwan ɗumi, a tsane shi sosai don kada dusa ta manne ya haɗiya, a miƙa masa da hantsaki, sannan a ƙyale shi kwana biyu ba taɓawa. Ranar da na fara ba shi, ya fito daga cikin dusa, ya baje wuya kamar gamsheƙa, ya yi huci, ya kai wa gefen akwati sara da baki a rufe. Duk burga ce. Da ya ga ban gudu ba, sai ya kama ɓeran ta gefe, yadda babu littafin da ya ce a kama, ya yi ta kokawa da shi har ya shige. Ya koma ya binne kansa, ya bar hancin kawai a waje. Na rubuta kwanan wata a takardar, na sa alamar maki kamar mai duba jarrabawa. Ya ci na biyu ma. Ba zan ce na so shi ba. Amma na lura na fara rage ƙarar rediyo in na shigo.

A kwana na goma sha ɗaya Gwaggo ta kira daga Kano.

Yayar mahaifina ce, ta haura sittin, tana da shagon jakunkunan mata, sau biyu a shekara take zuwa sari. Za ta fara zagaya masana'antun jakunkuna na Shiling da ke bayan gari, sannan ta tsaya babban baje kolin da ake yi a unguwar Pazhou. Ta ce jibi za ta sauka, kuma a ɗakina. 'Yarta tana gari ita ta kwana a otal, me mutane za su ce?

Na zauna na dubi akwatin. A wajenmu macen da ta ajiye maciji a ɗakin kwananta ba a ce mata mai sha'awar dabbobi. Ko dai tsafi take yi, ko aljani ne ya aure ta. Ni kuwa ina da shekara talatin da huɗu ba aure, dangi sun daɗe suna neman bayanin da ya fi boko gamsarwa. Gwaggo ba muguwa ba ce, amma ita ce gidan rediyon danginmu, saƙon muryarta yakan kai minti tara. Sannan akwai kunya ita kanta, wadda ba ta bukatar dalili. Ta yaya zan dubi idon yayar ubana in ce mata a ɗakin nan da za ki yi salla akwai maciji, kuma ni ke ba shi ɓera?

Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Na sa akwatin a ƙasan sif ɗin kayana, can ƙurya, na tare shi da akwatin tafiyata, na zura wayar tabarmar ta wata kafa a bayan sif ɗin. Ɓerayen na zuba su a gwangwanin madara, na rubuta masa “samfurin makaranta, guba ne”, na tura can ƙuryar cikin firiza.

Ranar da Gwaggo ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana shaƙar iska.

“Ke 'yar nan, ɗaki ne wannan ko rijiya?”

“Yanayin garin ne, Gwaggo. Kowa haka yake fama.”

“Kowa ba 'yar ƙanina ba ne. Mace da digiri uku tana warin tsohon buhu.”

“Biyu ne, Gwaggo. Na ukun bai samu ba tukuna.”

“To su biyun ba su iya kunna gawayi ba?”

Ta zuge jakarta. Abin da ta fara fitarwa, kafin kilishin da mahaifiyata ta aiko mini, wata babbar kwalba ce ta turaren wuta, baƙi, mai maiƙo, haɗin hannunta da ba ta gaya wa kowa sirrinsa. Sai ɗan kasko, sai ƙunshin gawayi irin zagayayyen nan da ake kunnawa da ashana. Ta jera su a kan teburin da akwatin macijin ya tashi daga kai da safe.

Na ce mata mai gidan ta hana hayaƙi. Ta yi tsaki, ta haƙura. Washegari muna saukowa muka tarar da mai gidan a durƙushe a bakin ƙofarta tana soka tsinkayen turarenta a 'yar tukunyar da take ajiyewa a wurin, hayaƙi na tashi har saman bene. Gwaggo ta gaishe ta da “nihao”, ta juyo ta dube ni.

“Wannan ce ta hana hayaƙi?”

Na ce to gaskiyar magana ƙirjina ne ba ya so, tun da na zo ƙasar nan. Ta ce ai turare shi ne maganin ƙirji, su da shi aka raine su. Da na ga ƙaryata ta ƙare, sai na koma sata. Na ɗauke ƙunshin gawayin na kai shi makaranta, na kulle a durowata. Ta birkice jakunkunanta duka tana nema. Daga ƙarshe ta zauna a bakin gado ta ce, “Tsufa ke nan. Na rantse na ga na fito da shi.” Na ce, “Gajiyar tafiya ce, Gwaggo.”

Kwana shida muka yi haka. Kowace safiya nakan buɗe sif kamar mai zaɓen mayafi, in daɗe a tsugune. In ta bi motar 'yan kasuwa zuwa Shiling, sai in fito da macijin ya ga haske, in sauya masa ruwa, in shafa dusar in ji ko ta yi laima. Ta yi, na sauya ta. Ya ci ɓera na uku da na huɗu, amma na huɗun sai da ya daɗe yana kallonsa. Kwalbar nan kuwa tana nan a kan tebur, ba a buɗe ta ba, ƙamshinta yana fitowa ta gefen murfi. Ko ina salla ina jin inda take. Gwaggo kuma kullum sai ta shinshina hannun rigata kafin in fita, ta girgiza kai.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Gwaggo tana da ƙawa. Wata Hajiya ce daga Maraɗi mai sarin takalma a layin Zhanxi Lu. Mace irin wannan tana iya manta fasfo a otal, amma ba ta manta gawayi.

Ranar Alhamis ce, zan gabatar da sakamakon aikina a gaban malamina. Aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, motar Shiling ta fasa. Gwaggo ta ce za ta wuni a gida ta huta. Na fita da hankalina kwance, gawayi ai yana durowata.

Bayan la'asar na dawo. A hawa na shida ɗakina yake, amma tun daga hawa na uku na ji shi. Ƙamshin gida ne, ƙamshin ɗakin mahaifiyata ranar Juma'a, kuma ban taɓa jin tsoron wani wari a duniya kamar yadda na ji tsoronsa ba. Na haura sauran benen da gudu.

Gwaggo tana zaune a kan sallaya tana jan carbi, fuskarta cike da murna. Ɗakin kansa ba hayaƙi sosai. Sif ɗin ne a rufe ruf, an toshe ƙasan ƙofarsa da tawul.

“Sannu da zuwa, Malama. Yau dai na raba ki da warin buhu. Tun azahar na rufe shi, sau uku ina ƙara masa. Kada ki buɗe, bai gama kama kayan ba.”

Haka ake turara kaya a gidanmu. A sa kasko a ƙasa, a rufe, a toshe duk wata kafa, don hayaƙin ya rasa hanyar fita sai cikin zare. Ni kaina a hannunta na koya.

Na fizge tawul ɗin na buɗe. Hayaƙi ya fito a dunƙule, fari, mai nauyi. Kaskon yana kan faranti a ƙasan sif, tazarar taki ɗaya daga akwatin tafiyata. Na ture akwatin, na jawo na robar, na dire shi a tsakar ɗaki a gabanta. Bai binne kansa ba. Yana saman dusa, ya miƙe wuya ya manna hancinsa a ɗaya daga cikin hudojin, bakinsa a buɗe.

Ban san Gwaggo tana iya hawa gado da tsalle ɗaya ba.

“Innalillahi! Maciji! Matsa, 'yar nan, matsa! Ta ina ya shigo? Ina muciya?”

Ban matsa ba. Daga kan gadon ta leƙo. Ta ga murfin ruwa, ta ga maɓuya, ta bi wayar lantarki da ido har bango. 'Yar kasuwa ce, kallo ɗaya take yi wa kaya ta san tarihinsu.

“Wannan ba shigowa ya yi ba. Ajiye shi aka yi.”

Na gaya mata komai, ina yi ina kwashe dusar da ta sha hayaƙi, ina shimfiɗa masa farar takardar goge hannu. Na rasa ko in buɗe taga. In na buɗe, jiƙaƙƙiyar iskar da ba ya so ta shigo. In na rufe, hayaƙi ya zauna. Na buɗe. Ta sauko daga gadon a hankali, ta zauna nesa da mu. Na jira a fara maganar aljanu.

“Amana ce?”

“Amana ce, Gwaggo.”

“Kuma kin san hayaƙi yana yi masa illa?”

“Na sani.”

“Shi ya sa gawayina ya yi ƙafa.”

Na ci gaba da shimfiɗa takardar.

“Kin bar ni ina zagin tsufana kwana shida. Wannan na yafe. Amma kin sa na ɗauki alhakin abin da ba shi da bakin magana, da hannuna, ina murna ina ƙara masa wuta. Da kin buɗe baki kin gaya mini, iyakaci in zage ki in koma otal. Zagin nawa ne ya fi ransa?”



Da safe muka kai shi wani asibitin dabbobi a can ɗaya ɓangaren gari, inda ake duba irinsu. Ta ce sai ta bi ni. A tasi ta manne da ƙofa, ta bar mini kujerar duka, amma ita ta riƙe gorar ruwan ɗumin da za a jingina wa akwatin. Likitan saurayi ne. Ya ɗaga macijin kusa da kunnensa, ya miƙo mini in saurara. Duk numfashi sai an ji wani ɗan ƙas, kamar ana karya tsinken tsintsiya a ɗaki na gaba. Akwai 'yar kumfa a gefen bakinsa. Ya yi masa allura, ya ce a dawo da shi duk bayan kwana uku, a ƙara masa ɗumi kaɗan, a tsare shi daga laima. Ya ce abu ne ƙarami ƙwarai, ba shi da ajiyar jiki. In ya karɓi abinci, akwai fata.

“Tambayi laoban ɗin, zai tashi?” in ji Gwaggo. Ita kowane ɗan ƙasar da ke bayan tebur laoban ne, wato mai shago.

Na tambaya. Ya ce bai sani ba. Ta ce wannan likitan kirki ne, na ƙarya ne ke sanin komai.

Akwatin ya dawo kan tebur, a fili. Kwalbar turaren ta koma ƙasan jaka, an naɗe ta da leda biyu. Gwaggo ta daina shafa ko turaren jiki. Haka ta tafi Pazhou ranar buɗe baje koli, cikin leshinta mafi tsada, ba ƙamshin komai, abin da ta ce ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa. In ta dawo da yamma, ko sallama ba ta gama ba sai ta ce, “Ya ci?”

Bai ci ba. Na narkar da ɓera na miƙa, ya kau da kai. Bayan kwana biyu na shafa wa wani ruwan kifin gwangwani, yadda masu kiwonsu ke yi in sun ƙi abinci. Ya fito da harshe sau ɗaya, ya mayar. Na bar shi da ɓeran a wani ɗan kofi mai duhu tun safe har azahar, na tarar da su kowa a gefensa kamar waɗanda suka yi faɗa. Ya daina huci. Ya daina baje wuya. Na taɓa shi ya bar ni, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

“Ko a ɗiga masa man habbatussauda?” in ji Gwaggo.

“Ba a ba su, Gwaggo.”

“Zuma fa?”

“Ba a ba su.”

“Ƙwai? Macizan garinmu har akurki suke shiga sata.”

“Wannan ɗan Amurka ne.”

“Shi ya sa ba shi da ƙwari.”

Ta faɗa tana dariya, amma ta jawo kujera kusa da teburin, kusa fiye da jiya. Na taɓa fitowa daga wanka na same ta ta sunkuya tana ce masa, “Haba ɗan nan, daure ka ci mana. Ka fitar da tsohuwa kunya.”

A kwana na bakwai da turaren abokiyar aikina ta aiko da saƙo, tana tambayar lafiyarsa, ta ce in turo mata hoto. Na duba wayata na zaɓi wanda na ɗauka a makon farko, yana leƙowa daga cikin dusa, na tura. Na rubuta cewa yana ɗan ƙin abinci. Gwaggo tana bayana.

“Wannan ai ba na yau ba ne.”

“In ya ci sai in gaya mata duka, Gwaggo. Tana cikin aiki, kada in tayar mata da hankali.”

“Haka kika ce a kaina.”

Bangon ya ci gaba da gumi. Kullum sai na goge cikin akwatin sau biyu, in sauya takarda. Ƙas ɗin nan ya ƙaru har ana jin sa daga bakin gado in an kashe fanka. Fatarsa ta fara tattarewa a gefe, kamar rigar aro.

Ranar kwana goma sha ɗaya da turaren, bayan mun idar da sallar asuba gari ya yi haske, na same shi a rigingine, baki buɗe, harshe a waje. A 'yan kwanakin na karanta duk abin da na samu a kan irinsa, na kuma san suna mutuwar ƙarya in sun tsorata, daidai da wannan kwanciyar. Ana gane su ne in an kifa su: mai ƙaryar sai ya sake juyawa rigingine, don a ganinsa haka matacce ya kamata ya kwanta. Na gaya wa Gwaggo. Na sa hantsaki na kifa shi. Ya zauna yadda na ajiye shi.

“Ba shi lokaci,” in ji ta. “Ai kin ce maƙaryaci ne.”

Ba ta je Pazhou ba a ranar, ni ma ban je makaranta ba. Muka zauna muna jiran ƙarya. Wajen la'asar kiyashi suka fara layi daga bakin taga zuwa ƙafar tebur.

Gwaggo ta ɗauko farin ƙyallen da ake sa sabuwar jaka a ciki, ta yanka da almakashi, ta miƙo mini in naɗe shi. Na ce zan kai shi gindin wata bishiya a bayan gida. Ta ce ba a binne kayan mutane ba da saninsu ba, a ajiye mata a sanyi har ta dawo. Sannan ta ce, “Kira ta. Yanzu, a gabana.”

Ta ɗauka tana cikin wani rumbu, da hular kaba a kanta, ƙura a fuskarta. Na gaya mata da Turanci, tun daga ranar da na sa shi a sif. Gwaggo ta kutso kanta cikin hoton tana dukan ƙirji tana cewa, “Gaya mata ni ce, ni na kunna wutar.” Na fassara, na ƙara da cewa ba ta san yana ciki ba, ni na hana ta sani. Abokiyar tawa ta ɗan rusuna wa Gwaggo ta cikin waya. Sannan ta tambaye ni ranar da na ɗauki hoton da na tura mata. Na gaya mata. Ta ce da ta sani a ranar, da ta hau jirgi ta dawo, ta san wani mai kiwonsu da ya taɓa tayar da wanda ya fi wannan jin jiki. Ta ce ana kiranta, ta kashe.

Gwaggo ta koma Kano kwana uku kafin abokiyar tawa ta dawo. Ranar da ta zo karɓar kayanta ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya. Na miƙa mata akwatin, da tabarmar, da gwangwanin madarar, da takardarta mai lambobi. Na miƙa mata farin ƙyallen da hannu biyu. Ta warware, ta daɗe tana kallo, ta sake naɗewa, naɗin da ya fi nawa kyau.

“Awa nawa ya yi a cikin hayaƙin?”

“Uku. Ko da ɗan ɗori.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce na gode, da harshensu, yadda ake faɗa wa mai shago. Na ce bari in riƙe mata wani abu zuwa ƙasa, ta ce ba nauyi. Na tsaya a saman bene ina jin takunta, hawa bayan hawa, har ƙofar ƙarfen ƙasa ta rufe.

Wata goma sha huɗu muka ƙara yi a tebur ɗaya. Kullum sai ta gaishe ni da safe, kuma duk abin da na tambaye ta na aiki tana ba ni amsa cikakkiya.